Zafi, Rana da Rai: Tambayoyi da Amsoshi kan Tarmodinamik da Juyin Halitta

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan dawowa daga ɗaliban lise na ajin ƙarshe, da na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da malaman da ke koyar da su. Tushen rikicin kusan kullum ɗaya ne. Malamin fizik ya ce komai na duniya watsewa yake yi, bayan awa guda malamin ilimin halittu ya shigo ya ce rai ya faro daga ƙwaya guda har ya kai ga kuka da raƙumi, ɗalibi kuma ya rasa na kamawa. An fara da masu sauƙi, an sa lamba don a iya komawa baya.

1. Mene ne tarmodinamik, kuma ina ruwansa da masu rai?

Ilimin zafi da aiki ne: yadda makamashi ke sauya kama, da inda yake nufa in an sake shi. A gindin injin tururi aka haife shi. A 1824 wani injiniya Bafaranshe, Sadi Carnot, ya nuna cewa inji ba ya ba da aiki sai akwai wuri mai zafi da wuri mai sanyi. Zafi na gangarawa daga wannan zuwa wancan kamar ruwan gulbi da damina, inji kuma yana tsaye a tsakani yana ɗibar rabonsa. Ranar da wuraren biyu suka daidaita, inji ya tsaya, komai yawan zafin da ke cikinsu.

Gero, akuya da kai kanka duk a kan irin wannan gangare kuke tsaye. Abinci da iska suna shiga, zafi da numfashi da bayan gida suna fita, rai kuma yana ci gaba muddin kwararar ba ta yanke ba.

2. Me dokoki biyun farko suka ce?

Ta ɗaya ta ce makamashi ba ya ƙaruwa, ba ya ɓacewa. Karan da aka ƙona a ƙarƙashin tukunyar tuwo bai tafi da makamashinsa ko'ina ba, ya koma zafin ruwa da na murhu da na hayaƙi. Da jul ake auna shi. Ɗumama giram ɗaya na ruwa da digiri ɗaya yana cin jul 4.18, kalori ɗaya ke nan.

Ta biyu ita ce mai nuna alƙibla. Shayi yana hucewa a cikin ɗaki, amma ba a taɓa ganin kofin shayi ya zuƙi zafin ɗaki ya tafasa da kansa ba, ko da yake doka ta ɗaya ba ta hana hakan ba. Rudolf Clausius na Jamus ne ya raɗa wa abin da ke bayan wannan suna a 1865, ya kira shi antirofi, ya ce a keɓaɓɓen tsari ba ya taɓa raguwa. Lissafinsa: a raba yawan zafin da ya shiga ko ya fita da matakin zafin wurin a ma'aunin kelbin, wato digirin da muka sani a ƙara masa 273. Riƙe kalmar "keɓaɓɓe" da kyau, a kanta rigimar tambaya ta 5 take.

3. Malam, an ce mana antirofi "hargitsi" ne. Haka ne?

Rabin gaskiya ne, kuma ya ɓatar da ɗalibai da yawa. Ludwig Boltzmann ya ba da ma'anar da ta fi kama ƙasa a 1877: antirofi ƙidaya ce ta yawan hanyoyin da ƙananan ƙwayoyin abu za su iya jeruwa alhali a ido abin bai canza ba. Zuba tiya ɗaya ta farin wake a kan tiya ɗaya ta jan wake ka girgiza ƙwaryar. Hanyoyin da waken zai zauna a gauraye sun fi hanyoyin da zai zauna a rabe yawa ta yadda ko ka kwana kana girgizawa ba zai sake rabuwa ba. Babu wani ƙarfi da ke tura shi wajen gauraya, yawan hanyoyin ne kawai ya rinjaya. An sassaƙa wannan lissafi, S = k log W (S antirofi, W yawan hanyoyin), a kan kabarin Boltzmann a birnin Viyana.

Ga inda kalmar "hargitsi" ke yaudara: kaɗa man gyaɗa a cikin ruwa ka ajiye. Da kansa zai rabu, mai a sama, ruwa a ƙasa, ya fi tsari a ido, amma jimillar antirofi ƙaruwa ta yi. Ido yana ganin man da ya taru, ba ya ganin ƙwayoyin ruwan da suka sami sakewa bayan mai ya janye daga tsakaninsu. Bangon kowace ƙwayar halitta da irin wannan dabara yake ginuwa.

4. Mene ne bambancin buɗaɗɗen tsari, rufaffe da keɓaɓɓe?

Buɗaɗɗe yana musayar abu da makamashi da kewayensa: tukunya marar murfi, tafki, ko jikin mutum. Rufaffe yana musayar zafi kawai. Keɓaɓɓe ba ya musayar komai, tarmos ɗin shayi mai kyau ya yi kusa da haka na ƴan awoyi.

Buhun PICS mai ninki uku da ake adana wake a ciki misali ne na rufaffe. Ledoji biyu na ciki suna hana iska wucewa, zafi kuwa yana shiga yana fita. Ƙwarin wake suna shaƙe oksijin ɗin da ke ciki, ya yi ƙasa, su daina ci da haihuwa, su mutu ba tare da an sa magani ba. Huda guda ta ɓera ko ta kara ta mayar da buhun buɗaɗɗe, shi ke nan ƙwari sun dawo. Mai rai ba ya daɗewa a inda aka toshe masa musaya.

5. To juyin halitta bai karya doka ta biyu ba? Ai tsari ƙaruwa yake yi.

Bai karya ba. Dokar ta yi magana ne a kan jimilla a keɓaɓɓen tsari. Ba ta hana antirofi raguwa a wani lungu ba, sharaɗinta shi ne ya ƙaru a wani wuri da abin da ya kai haka ko ya fi. Masu sayar da ƙanƙara da azumi suna yin wannan ciniki kullum.

Ga lissafin. Kilo ɗaya na ruwa a digiri 0 sai an zare masa kilojul 334 kafin ya daskare. A raba da kelbin 273: antirofinsa ya ragu da jul kusan 1,223 a kowane kelbin. Firiji yana zubar da zafin a cikin shago mai digiri 35, wato kelbin 308. Da kilojul 334 ɗin kaɗai ya zubar, antirofin shagon zai ƙaru da 1,084 ne, bai cike giɓin ba, saura 139. Dole a ƙara aƙalla kilojul 43 na lantarki a zubar da su su ma a matsayin zafi kafin lissafi ya tashi. Shi ya sa bayan firiji yake da zafi, shi ya sa kuma da an ɗauke wuta ƙanƙara ta fara zuba. Firiji na gaske yana cin fiye da wannan nesa ba kusa ba.

Ƙwayar gero da ta zama zangarniya, da ɗan tayi da ya zama jariri a wata tara, duk ƙaruwar tsari ce da muke gani da ido, ba wanda ya ce sun karya doka. Suna biyan kuɗin ne da zafin da suke fitarwa. Juyin halitta jerin irin waɗannan haihuwa da girma ne, kowane mataki an biya shi a lokacinsa.

6. Duniya tana mayar wa sama duk zafin da ta karɓa. To me muke samu daga rana ke nan?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace kyau. Gaskiya ne, a matsakaici kowace murabba'in mita ta duniya tana shan wat kusan 240 na hasken rana, kuma tana mayar da kusan 240 zuwa sararin samaniya. Da ba haka ba da tuni mun gasu. Bambancin yana cikin kamar da makamashin ya zo da ita da wadda ya koma da ita. Hasken rana daga wuri mai kelbin kusan 5,800 ya fito, ƙwayoyinsa kaɗan ne amma kowace da ƙarfi. Duniya kuwa tana fitar da nata a matakin kelbin 255, wato digiri 18 ƙasa da sifili, a matsayin haske marar ganuwa mai rauni. Duk ƙwayar haske ɗaya da ta shigo, kusan 20 ne suke fita.

Kamar a ba ka takardar jika goma guda ɗaya ne, ka mayar da ƴan dala ɗari-ɗari guda ashirin. Kuɗin bai ragu ba, amma ya zama canji, ya watsu. A cikin wannan fasa kuɗi ne iska ke kaɗawa, hadari ke haɗuwa, gulbi ke cika, ganye ke haɗa abinci.

7. Wannan rarar ta isa ta biya kuɗin duk masu rai?

Ta isa har ta yi yawa. A raba 240 da 255, a cire 240 da aka raba da 5,800: kowace murabba'in mita tana fitar da antirofi kusan jul 1 a kowane kelbin, a kowane sakan. Faɗin duniya murabba'in kilomita miliyan 510 ne. In aka haɗa, abin da duniya ke fitarwa a sakan ɗaya ya kai wanda zai biya daskarar da tan miliyan 400 na ruwa, bisa lissafin tambaya ta 5. Tsirran duniya gaba ɗaya, na tudu da na teku, ba sa kama fiye da kusan kashi ɗaya cikin dubu na hasken da ke isowa.

8. Amma rana na dukan mushen jaki ba ta tashe shi. Ashe hasken kaɗai bai isa ba?

Mai wannan ƙorafi ya yi gaskiya, kuma bai kamata a kore shi da kalmar "buɗaɗɗen tsari" kawai ba. Kwararar makamashi tana ba da dama ne, sai an sami abin da zai ɗaure aikin da ba ya yiwuwa da kansa a jikin aikin da ke gangarawa. Ka ɗauki igiya ɗaya da aka rataya a kan gungumen rijiya, guga a kowane kai. Mai nauyi yana sauka, yana ɗaga marar nauyi. In babu igiya, mai nauyin zai faɗa ne kawai.

Josiah Willard Gibbs na Amurka ya samar da ma'aunin wannan a shekarun 1870: ΔG = ΔH − TΔS. ΔH zafin da aiki ya sha ko ya fitar ne, T matakin zafi a kelbin, ΔS canjin antirofi, ΔG kuma shi ke nuna ko aikin hawa ne ko gangara. Aikin da ΔG ɗinsa ke ƙasa da sifili yana iya tafiya da kansa. Misali daga jikinka: matakin farko na sarrafa sukarin gulukos shi ne a liƙa masa fosfat, kuma hakan hawa ne na kilojul 13.8 a kowane mol, wato ma'aunin ƙidayar ƙwayoyin sinadari. Fasa ATP, sinadarin da ƙwayoyin halitta ke ɗaukar makamashi da shi, gangara ce ta 30.5. Wani anzim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai, yana riƙe su biyun a wuri ɗaya, jimilla ta zama gangarar 16.7, aiki ya tafi. Anzim ɗin ne igiyar. A mushen jaki igiyoyin sun tsinke, bangon ƙwayoyin ya yoye, sai bakteriya da tsutsa su zo da nasu igiyoyin su ci ragowar gangaren. Yadda igiyar farko ta samu kuwa, duba ta 12.

9. Nawa jikin mutum yake biya a rana?

Mai cin kilokalori 2,000 a rana yana ƙona kilojul kusan 8,400. A raba da sakan 86,400, ya zama wat kusan 97, kamar tsohon ƙwan lantarki mai wat ɗari. Ƙwaƙwalwa, wadda ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, tana cin kusan wat 20. Kusan duk wannan a matsayin zafi yake fita, kuma fitarsa ba asara ba ce, ita ce hanyar zubar da antirofi. Erwin Schrödinger ya yi wannan bayani a laccocinsa na Dablin a 1943, aka buga su littafi a 1944.

A Maraɗi wannan ba maganar allo ba ce. A watan Afrilu da Mayu iska kan haura digiri 40, jiki kuwa yana 37, don haka zafi ba zai gangara daga fata zuwa iska ba, shigowa ma yake yi. Ƙofa ɗaya ta rage: gumi. Lita ɗaya in ta bushe a kan fata tana tafiya da kilojul kusan 2,400, ke nan zafin yini guda na buƙatar lita uku da rabi, ban da wanda rana da aiki suka ƙara. Gumin da ya ɗiga ƙasa bai sanyaya komai ba, sai wanda ya bushe. Randa ma haka take: giram 200 da suka tsattsafo suka bushe daga randa mai lita 20 suna iya sauke ta da digiri 5 zuwa 6. A shafe ta da fenti, ta daina sanyi.

10. Tsari yana iya fitowa da kansa inda babu rai?

Sosai. Guguwar bazara da ke tashi a fili da tsakar rana ba wanda ya tsara ta. Ƙasa ta yi zafi, iskar sama ta fi sanyi, sai iska ta shirya kanta ta zama ginshiƙi mai juyi da ke kai zafi sama. Rana na yin sanyi, ta mutu. A 1900 Henri Bénard ya ɗumama siririn ruwa mai kauri daga ƙasa, ya ga ya rabu gida-gida masu kusurwa shida kamar saƙar zuma. Ilya Prigogine na Jami'ar Burasal ya gina ka'idar irin waɗannan siffofi masu rayuwa a kan kwarara, aka ba shi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1977.

A bambance su da tsarin gishiri. Ƙwayar gishirin Bilma tana da tsari, amma tsarin hutawa ne, ka ajiye ta shekara goma ba ta buƙatar komai. Guguwa da harshen wuta da akuya kuwa tsarinsu na tafiya ne, abin da ke cikinsu yana canzawa, siffar ce take zama.

11. In haka ne, me ya raba akuya da guguwa?

Gado. Guguwa ba ta haihuwa, ba ta bar wa ta gobe wani darasi. Mai rai yana ɗauke da rubutaccen tsarin gininsa a cikin DNA, wanda littattafan Faransanci ke rubutawa ADN. Ana kwafarsa, a kan yi kuskure jefi-jefi, kuma wanda kuskurensa ya taimake shi ya fi barin ƴaƴa. Wannan ne zaɓin yanayi da Charles Darwin ya bayyana a 1859. Tarmodinamik yana faɗin abin da zai yiwu da kuɗin da za a biya. Dalilin da ya sa raƙumi yake da tozo, ko kuka take tara ruwa a gindinta, sai an koma ga gado da zaɓi.

Ana ganin abin yana faruwa. Dattawa sun san lokacin da Nivaquine ke kashe zazzaɓin cizon sauro, daga baya ƙwayoyin cutar masu jure masa suka yaɗu har aka daina dogara da shi. A Amurka Richard Lenski ya fara kiwon gida 12 na bakteriyar E. coli a 1988, kullum ana ɗibar kaɗan a zuba a sabon abinci. Bayan zuriya kusan 31,000, gida ɗaya ya fara cin sitirat da ke cikin ruwan, abincin da kakanninsa ba sa iya ci in akwai oksijin, yawansa kuma ya ninka. Wani gangare ne da ke ajiye ba mai amfani da shi, sai aka sami igiya.

12. Me aka sani game da farkon rai ta wannan fuska?

Duniya tana da shekara biliyan 4.54, kuma akwai alamun rai a duwatsun Ostireliya masu shekara kusan biliyan 3.5. A 1953 Stanley Miller ya buga sakamakon gwajinsa na Jami'ar Shikago: ya haɗa ruwa, metan, amoniya da haidurojin, ya riƙa sakar musu tartsatsin lantarki, cikin mako guda aka sami amino asid, tubalan gina furotin. Tubali dai ba gida ba ne, gwajin ya nuna samuwar kayan ne kawai.

Masu bincike sun fi karkata wajen wurare iri biyu, kuma dalilin duka na tarmodinamik ne. Na farko maɓuɓɓugan ƙarƙashin teku, irin waɗanda aka gano a tsakiyar Atilantika a 2000, inda ruwan ɗumi mai kanwa-kanwa ke ratsa dutse mai ƙananan ramuka ya haɗu da ruwan teku. Bambancin tsami tsakanin ɓangarorin siririn bango ya yi kama da wanda ƙwayoyin halitta ke haɗa ATP da shi har yau, yadda Peter Mitchell ya bayyana a 1961. Na biyu tafkuna masu ƙafewa suna sake cika. Haɗa tubalai su zama sarƙa yana fitar da ruwa, don haka a cikin ruwa tsundum aikin hawa ne, amma a bakin tafkin da ke bushewa yana iya zama gangara.

13. Me ya sa rai ya daɗe a matsayin ƙwaya guda kafin manyan halittu su bayyana?

Kasafin makamashi yana cikin manyan dalilai. Ba tare da oksijin ba, ƙwayar gulukos ɗaya ATP 2 take bayarwa, irin aikin da ke sa nono tsami ko ƙullun masa ya kumbura. Da oksijin tana ba da kusan 30. Oksijin bai fara taruwa a iska ba sai wajen shekara biliyan 2.4 da suka wuce, kuma wasu bakteriya masu haɗa abinci da hasken rana ne suka samar da shi. Daga baya wata ƙwaya ta haɗiye wata bakteriya ba ta narkar da ita ba, jikokin wannan baƙuwa su ne mitokondiriya da ke cikin ƙwayoyinmu, har yau da ɗan guntun DNA nasu. Lynn Margulis ta kare wannan ra'ayi a 1967. A 2010 Nick Lane da William Martin suka ce mitokondiriya ne suka ba ƙwaya rarar da za ta riƙe babban kundin gado, wasu masana kuma suka ƙalubalanci lissafinsu. Dabbobi masu yawan iri sun bayyana ne kusan shekara miliyan 540 da suka wuce.

14. Ke nan juyin halitta kullum sama yake hawa?

A'a. Tsari yana da tsada, kuma duk gaɓar da ba ta biyan kuɗin riƙonta zaɓi ba ya kare ta. Tsila, tsutsar nan mai faɗi ta hanji, ba ta da baki ba ta da hanji, ta fata take zuƙar abin da ka riga ka narkar mata. Ƙuduji da ke addabar gonakin gero da dawa yana soka kansa a saiwar amfanin gona tun yana ƙarƙashin ƙasa, ya sha daga abin da wani ya haɗa. Bakteriya kuwa suna nan a sauƙinsu shekara biliyoyi, kuma a nauyi sun fi dukan dabbobin duniya in an haɗa su.

15. Akwai alamar wannan lissafi a jikin halittun da ke kewaye da mu?

Gero ne babban shaida. Anzim ɗin da ganye ke kama iskar kabon da shi, rubisko, yakan yi kuskure ya kama oksijin, kuma kuskuren yana ƙaruwa da zafi. Wake, gyaɗa, shinkafa da alkama suna jure asarar. Gero, dawa, masara da rake kuwa suna da hanyar da ake kira C4: suna kashe ƙarin ATP su tara iskar kabon a kusa da rubisko, kuskure ya ragu, kuma ba sai sun buɗe ƙofofin ganye sosai ba, ruwa ya yi saura. A ƙasa mai sanyi wannan ƙarin kuɗi asara ne, a jigawar Maraɗi riba ne. Dabarar ta ɓullo fiye da sau 60 a dangogin tsirrai daban-daban, alamar matsala ɗaya ce take tura su wajen mafita ɗaya.

Raƙumi kuma bashi yake ci. Knut Schmidt-Nielsen ya auna a Sahara a shekarun 1950 cewa raƙumin da ke jin ƙishirwa yana barin jikinsa ya sauka zuwa digiri 34 da asuba, ya haura 40 da yamma. Zafin da ya tara da rana yana sauke shi da dare a cikin sanyin iska, ba tare da gumi ba. Ga raƙumi mai kilo 500, wannan ya kai tanadin ruwa lita 4 zuwa 5 a yini.

16. Me ya sa ciyawa ta fi awaki yawa, awaki kuma suka fi kuraye?

Saboda a kowane mataki ana biyan haraji da zafi. Raymond Lindeman ya nuna a 1942 cewa kusan kashi 10 cikin ɗari ne ke wucewa daga mataki zuwa na gaba, adadin yana hawa yana sauka amma ba ya nisa da haka. Shi ya sa sarƙar ci da wuya ta wuce mataki huɗu ko biyar. Girman jiki ma yana da nasa lissafi, wanda Max Kleiber ya fitar a 1932. Saniya mai kilo 400 ta yi nauyin awaki 16 masu kilo 25, amma a hutawa makamashin awaki 8 take ƙonawa. Kilo da kilo, ƙaramar dabba ta fi cin abinci.

17. An taɓa samun lokacin da tarmodinamik ya tsaya wa Darwin a gaba da gaske?

An taɓa, amma a kan lokaci ne. A 1862 Lord Kelvin ya lissafa yadda duniya ke hucewa ya ce shekarunta tsakanin miliyan 20 ne da 400, daga baya ya ƙara matse adadin, kuma wannan ya yi wa juyin halitta kaɗan. Lissafin daidai ne, zaton da aka ɗora shi a kai ne ya karkace. Kelvin ya ɗauka cikin duniya sandararre ne, alhali yana motsi a hankali yana kawo zafi sama, kuma ba a gano sinadarai masu fitar da zafi da kansu ba sai 1896.

18. Na karanta cewa rai ya samu ne "domin" ya hanzarta ƙaruwar antirofi. Doka ce?

Ba ta kai doka ba, kada ka rubuta ta a jarrabawa a matsayin doka ta huɗu. Alfred Lotka ya kawo ra'ayi mai kama da haka a 1922, Jeremy England kuma ya lissafa a 2013 mafi ƙarancin zafin da dole abu mai kwafar kansa ya fitar. Ayyuka ne masu amfani, amma zaɓi yana ƙidaya ƴaƴa ne, ba zafin da aka zubar ba. Gobarar daji ta fi saniya hanzarta antirofi. Ƙwayar gero kuwa tana kwance a rumbu wata takwas da ƙyar take numfashi, kuma wannan rowar ce ta sa ta ga damina.

19. Wannan bai taɓa imani ba?

Tarmodinamik ba ya ba da fatawa, lissafin zafi yake yi. Tambayar wanda ya kafa waɗannan ƙa'idoji, da batun halittar Annabi Adamu, alaihis salam, magana ce ta malaman addini. Shawara ɗaya dai ga mai muhawara ta kowane ɓangare: kada ya kafa hujja da doka ta biyu, domin duk wanda ya iya lissafin tambaya ta 5 zai rushe ta a minti biyu.

20. Wane gwaji za a iya yi a aji da kayan gida?

Na farko, gidajen Bénard na tambaya ta 10. A zuba man gyaɗa mai kaurin milimita 2 zuwa 3 a faranti mai shimfiɗaɗɗen gindi, a barbaɗa garin citta mai laushi a gauraya. A ɗora a kan yashi mai zafi irin na masu suyar gyaɗa, bayan an sauke shi daga wuta, a haska da fitilar waya ta gefe. In an ɗora kai tsaye a kan garwashi, zafi ba ya zuwa daidai, mai zai riƙa gudu gefe ɗaya. In faranti ya karkace ko mai ya yi zurfi, gidajen ba sa fitowa sarai.

Na biyu yana nuna zafin da rai ke fitarwa, amma yana son haƙuri. A jiƙa kofi biyu na wake awa 24. A tafasa kofi ɗaya minti 10 a bar shi ya huce sarai. A ɗauraye duka biyun da ruwan jabel da aka sirka sosai, sannan da ruwa mai tsabta. A zuba kowane a nasa tarmos zuwa rabi, a soka ma'aunin zafi har cikin waken, a toshe baki da auduga, a ajiye a inuwa wuri ɗaya, a riƙa karantawa safe da yamma kwana huɗu. Mai tsirowa zai fi dafaffen ɗumi da ƴan digiri. Abu uku ke ɓata shi. In an rufe da murfin tarmos, wake ya shaƙe kamar ƙwarin tambaya ta 4. In kan ma'aunin yana rataye a iska bai taɓa waken ba, ba a ganin bambanci. In kuma an tsallake jabel, dafaffen waken zai fara ruɓa a kwana na biyu, bakteriya su ɗumama shi, wani lokaci har ya wuce mai tsirowar.